Kafin Ka Ɗora Injin Ban-Ruwa a Kan Babur

 Barkanmu da sake saduwa a filinmu na manoma da masu lambu. Ina gaida mutanen Wudil, ciki da kewaye. Na Utai, na Darki, na Indabo, na Lajawa, na Achika, na Kausani, duk ina gaisuwa. Gaisuwa ta musamman ga 'yan lambun bakin kogi, waɗanda tun asuba ƙafarsu ke cikin laka.

Yau maganar gyara za mu yi. Gyaran kayan lambu a gida, da hannunka. Za mu fara da injin ban-ruwa, kuma shi zai cinye mafi yawan lokacinmu. Daga nan mu koma kan injin feshi. Sai mu ƙarasa da su fartanya da baro.

Bari in fara da abin da kowannenmu ya sani. Safiyar hunturu ce. Tumatir ya fara fure, kwana uku bai sha ruwa ba. Ka kafa inji a bakin ruwa, ka ja igiya. Shiru. Ka sake ja. Shiru. Ka ja har kafaɗa ta ƙage. Sai ka ɗaure shi a bayan babur, ka nufi cikin gari. In ka yi rashin sa'a ranar Juma'a ce, ga cinkoson kasuwa, ga motocin shanu sun cika hanya har gadar Wudil. Ka isa wajen bakanike, ka tarar da layi. Da layi ya zo kanka, ya kwance fulogi, ya goge, ya mayar, inji ya tashi. Aikin minti biyar. Amma yini ya tafi, kuɗin mai ya tafi, tumatir kuma ya yi yaushi.

Wannan yinin nake so mu ceto. Malam mai lambu, yawancin abin da ke tsayar da injinka ƙaramin abu ne. Ƙaramin abu ne, kuma za ka iya.

Iyayenmu da jigo suka yi ban-ruwa. Sanda, igiya, guga, da ƙarfin damtse. In jigo ya lalace, babu wanda yake kai shi gari, nan take ake gyara shi. Abubuwa sun canza. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin su iso mana, shi ya sa muke samun ruwa a ƙarƙashin gadar Wudil har cikin rani. Ƙananan injuna suka shigo ta hannun KNARDA, hukumar raya aikin gona ta jiha, da kuma shirin Fadama. Jigo ya kwanta. Aiki ya yi sauƙi, lambu ya faɗaɗa. Sai dai mun karɓi inji ba mu karɓi sanin cikinsa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kowace lita da lalataccen inji ya sha a banza, daga cikin ribarka ta fita.

To, ina za ka yi gyaran? Ba sai ka gina shago ba. Rumfa ta isa, ko gindin darbejiya a ƙofar gida. Ka shimfiɗa buhu mai tsabta, domin noti in ya faɗa cikin yashi, sai an yi da gaske. Ka ajiye kwano, duk abin da ka kwance ka jefa ciki. In kana da waya mai kyamara, ka ɗauki hoto kafin ka kwance, ka ga yadda abin yake zaune. Kayan aiki kaɗan ne. Sufana mai lamba 10 da mai lamba 12, sufanar fulogi, sukudireba, filaya, tsohon burushin haƙori, da tsumma.

Gargaɗi ɗaya kafin mu taɓa komai. Kada ka tada inji a cikin ɗaki, ko a zauren da aka rufe. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba da ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum zai ji jiri, ya ji barci, shi ke nan. Irinta ce ke kashe iyali in an kwana da janareta a ɗaki. Haka nan, kada a yi gyara kusa da murhu. Kada a sha taba. Yara su matsa.

Yanzu ga kashi na farko: inji ya ƙi tashi.

Ku riƙe kalmomi uku. Mai, wuta, iska. Ku maimaita tare da ni. Mai, wuta, iska. Inji yana shan mai, yana shaƙar iska, wuta ta kunna su a cikinsa. In ɗaya ya rasa, ba zai tashi ba. Saboda haka ba kwance-kwance za ka hau yi ba. Bi za ka yi ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ma nan, duba abin da ido ke gani. Makunni a kunne yake? Famfon mai a buɗe yake? Ka rufe cok, wato ɗan hannun da ke rage iska domin inji mai sanyi ya tashi? Sannan ka duba baƙin mai. Wasu injunan an yi musu na'urar da ke kashe su in baƙin mai ya yi ƙasa. Ko ka kwana kana jan igiya, irin wannan ba zai tashi ba sai ka cika masa.

Mu ɗauki mai. Fetur yana tsufa. In ya yi wata da watanni a tanki, sai ya zama wani ƙaro-ƙaro mai danƙo, ya toshe hanya. Wani lokaci kuma ruwa ne a ciki. Ga gwaji mai sauƙi. Tsiyayi kaɗan a farar kwalba, ka ajiye ta minti biyu. In da ruwa, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, fetur ya hau sama. In ka ga haka, zubar da na tankin duka a wani mazubi, ka sa sabo. Kuma daga yau, ka riƙa tace mai da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

Daga tanki, mai yana gangarowa cikin kafireta. Kafireta ita ce inda mai da iska ke gauraya. A ƙasanta akwai ɗan kofi na ƙarfe. Rufe famfon mai, ka kwance notin da ke gindin kofin, ka cire shi a hankali. Sau da yawa za ka tarar da laka, ko tsatsa, ko ɗigon ruwa. Wanke shi da fetur mai tsabta. A tsakiya akwai wata 'yar tagulla mai ƙaramin rami, makanikai na ce mata jet. Ta ramin nan mai yake bi. Ɗaga ta wajen haske. In ba ka hango haske ba, ta toshe. Zaro sili ɗaya daga cikin tsohuwar wayar lantarki, mai laushi, ka zura a hankali. Ban ce allura ba. Ban ce ƙusa ba. In ka faɗaɗa ramin nan, injinka ya zama mashayin mai har abada, sai dai ka sayi wata.

Mun gama da mai, sai wuta. Wuta daga fulogi take. Cire hularsa, ka kwance shi, ka dubi bakinsa. Masu sauraro, bakin fulogi labari yake bayarwa, in ka iya karatunsa. In launinsa ƙasa-ƙasa ne, kamar ƙosan da ya soyu daidai, inji lafiya lau. In baƙi ne, busasshe, kamar kunkunniya, mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. In fari ne fat, inji yana zafi fiye da ƙima. In kuwa ya jiƙe da baƙin mai, matsalar tana can ciki, za mu dawo kanta.

Goge shi da burushi. Dubi tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun bakinsa. Ana son ta kai kamar milimita 0.7 zuwa 0.8. Kada lissafin ya dame ka. Kaurin katin cirar kuɗi na banki ke nan. In katin ya shiga daidai, ba matsi ba sako-sako, tazara ta yi. Sai gwaji. Mayar masa da hularsa, ka jingina jikinsa da ƙarfen inji, nesa da ramin da ka cire shi. Tabbatar babu fetur da ya zube. Riƙe ta wajen roba, wani ya ja igiya. In ka ga tartsatsi shuɗi, wuta na nan. In babu, sa sabon fulogi. Ni shawarata, kada aljihun mai lambu ya rabu da sabon fulogi guda ɗaya. Wajen mayarwa kuma, fara ɗaurawa da yatsu, sai ya zauna sannan ka sa sufana. In ka tilasta shi a karkace, ka ci zaren ramin, ƙaramin aiki ya zama babba.

Sai iska. A gefen kafireta akwai akwati, cikinsa da matatar iska. Mu nan ƙasar ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo ba ya ɗaga mana ƙafa, kuma lokacin ne inji ya fi aiki. In matatar ta soso ce, wanke ta da ruwa da sabulu, ka bar ta ta bushe sarai, ka ɗiga mata baƙin mai kaɗan, ka matse. In ta takarda ce, ba a wanke ta. Karkaɗe ta za ka yi, in ta yi baƙi ka canza. Na sha ganin masu lambu sun cire matatar sun yar, wai inji ya fi numfashi. Wannan abu yana ba ni takaici ƙwarai. Ƙurar da ta shiga ciki tana cin ƙarfe kamar yadda dutsen washi ke cin wuƙa. Yau za ka ji daɗi, kafin rani ya fita inji ya fara hayaƙi.

Mai, wuta, iska. Kun riƙe?

Bari in ɗan tsaya a kan baƙin mai, domin shi ne jinin inji. Irin ƙananan injunan da muka fi amfani da su, masu inci biyu da inci uku, samfurin Honda GX160 da masu kama da shi, baƙin man da suke ɗauka ya ɗan haura rabin lita. Masu ƙera su sun ce sabon inji a yi masa juye bayan awa 20 na aiki, daga nan kuma duk bayan awa 100. Mu yi lissafi. In kana ban-ruwa awa biyar kullum, kwana 20 ke nan. Ba wata uku ba. A irin ƙurarmu, ni na fi son a yi kafin ma lokacin ya cika. Yi juye inji na da ɗumi, domin dattin ya biyo man. Auna shi inji na zaune a wuri mai daidai. Tsohon man kuma kada a zuba a kogi, kada a zuba a lambu. Adana shi a galan, yana da amfani, zan gaya muku nan gaba.

Kashi na biyu: inji ya tashi, yana ta ruri, amma ruwa ya ƙi fitowa.

Nan ma akwai abu ɗaya da za ku riƙe. Famfo ba ya jan iska, ruwa yake ja. In iska ta samu hanyar shiga, ruwa ba zai hau ba. Kamar yaro ne yana zuƙar lemo da tsinken roba da ya fashe a gefe.

Da farko, ka cika cikin famfon da ruwa ta murfin sama kafin ka tada? Kullum sai an cika. Kullum. Na biyu, bi mesar da ke zuƙo ruwa, tun daga bakin inji har ƙarshenta. Dubi robar da ke cikin mahaɗi, ko ta tsage, ko ta faɗi. Dubi jikin mesa, ko rana ta fasa ta. Ƙaramin tsagu ya isa ya hana ka ruwa. Yanko robar tsohon tiyub na babur, ka naɗe wurin tamau. Zai kai ka ƙarshen mako, kafin ka samu sabuwa. Na uku, rariyar da ke bakin mesa. Ciyawa da leda suna toshe ta. Kuma ta nutse sosai, kada ta riƙa leƙowa tana shan iska.

Na huɗu, tsayi. Irin wannan famfon ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce kamar mita bakwai zuwa takwas, komai ƙarfin injin. Tun kafin a kai nan ma ruwan ya fara raguwa. Turawa ce yake da ƙarfinta, ba zuƙowa ba. Saboda haka in rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya, sauko da inji kusa da ruwa, ka ƙara tsawon mesar turawa.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, mu na Wudil. Yashi. Kowa ya san koginmu da yashi, ga tifofi nan kullum suna ɗiba. In ka jefa bakin mesa ya kwanta a ƙasa, famfo zai riƙa zuƙo ruwa haɗe da yashi. Yashin nan yana cin farfela, wato fankar ƙarfen da ke juyawa a ciki tana tura ruwa. Sannu a hankali sai ka ga ruwan da ke cika mesa ya koma rabi, mai kuwa yana nan yadda yake sha. Maganin ba ya cin ko sisi. Sa bakin mesa a cikin tsohon kwando ko bokiti, ka nutsar. Ko ka kafa sanda, ka ɗaure shi ya ɗago daga ƙasa kamar taƙi ɗaya.

In ka ga ruwa yana ɗiga daga tsakanin inji da famfo, sil ya tafi. Sil wasu zobba biyu ne masu santsi da ke manne da juna, suna hana ruwa bin sandar inji. Ruwa ne ke sanyaya su. Na taɓa gani da idona, wani maƙwabcin lambu ya tada inji ya tafi karya kumallo. Ramin da yake ja ya ƙafe. Kafin ya dawo, sil ya ƙone. Kwana biyu albasarsa ba ta sha ruwa ba. Don Allah, kada a bar famfo ya yi gudu babu ruwa, ko na ɗan lokaci ne. Canza sil ba gagara ba ne, amma karon farko ka zauna kusa da bakanike ka kalli yadda yake yi.

Igiya in ta tsinke, ana canzawa a gida. Kwance murfin, ka sa sabuwa mai kauri irin na tsohuwar. Sai dai a kula, akwai naɗaɗɗen ƙarfe a ciki, in ya kufce yana iya samun ido.

Masu sauraro, ga iyaka. Ba komai ake gyarawa a gida ba, kuma sanin inda za ka tsaya yana cikin iya gyara. In ka ji ƙwanƙwasa daga cikin inji, kashe shi nan take. In yana fitar da shuɗin hayaƙi ba ƙaƙƙautawa, fulogi na jiƙewa da baƙin mai, zobban fistin sun cinye. In ka ja igiya ka ji ta sakayau, ba ta turjewa, inji ya rasa matsi. Waɗannan na bakanike ne. Ka kai masa, ka gaya masa abin da ka gani da abin da ka riga ka duba. Kuma kada ka taɓa gwamna, wato abin da ke daidaita gudun inji, wai don ruwa ya ƙaru. Ajalin inji kake jawowa kusa.

Da yawa yanzu sun mayar da injinsu mai amfani da gas, saboda tsadar fetur. In kana cikinsu, kaɗa ruwan sabulu ka shafa a duk mahaɗin tiyo. Inda ka ga kumfa na tasowa, gas na fita. Da ashana ba a gwaji. Tukunyar gas ɗin kuma a inuwa, a tsaye, nesa da salansa.

In damina ta faɗi za ka ajiye inji, rufe famfon mai ka bar shi ya yi ta aiki, da ruwa a famfonsa, har ya mutu da kansa. Tsiyaye tanki. Kwance notin ƙasan famfo ruwa ya fita. Ɗiga baƙin mai kamar cokalin shayi a ramin fulogi, ka ja igiya sau biyu a hankali, ka mayar da fulogi. Ɗora shi a kan katako, ka rufe. In kaka ta yi, ja biyu zai tashi, in sha Allahu.

Kashi na uku: injin feshi, wanda ake goyawa. Nan maganar ta wuce ta kuɗi, ta rai ce.

Matsalarsa ba ta wuce biyu. Ko baki ya toshe, ko ya daina matsi. In baki ya toshe, na roƙe ku, kada a sa a baka a hura. Na san ana yi. Guba ce kake kai wa harshenka. Kwance bakin, ka jiƙa a ruwa, ka goge da burushin da ka ware don wannan aiki kaɗai. Kada ka zura waya, domin ramin zai buɗe, magani ya riƙa zuba fiye da ƙima. In ka buga hannu ka ji babu matsi, robar cikin famfon ce ta bushe ko ta tsage. Ana sayar da ita a shagunan maganin feshi, canzawa kuma ba wuya. In murfi ko tiyo na yoyo a bayanka, kada ka ce bari in ƙarasa wannan fegin. Maganin yana ratsa fata. Sauke, ka gyara, ka wanke jikinka da sabulu, ka canza riga.

Kafin kowane gyara, ɗauraye tankin sau uku, ka sa safar roba. Ruwan ɗaurayar kada ya je kogi, akwai masunta, akwai masu sha a ƙasa da mu. Iyayenmu mata da ke saurare, ku taya mu sa ido. Robar maganin feshi ba ta zama mazubin man gyaɗa ko gorar ruwa, ko sau nawa aka wanke ta.

Sai mu ƙarasa da ƙarafa. Fartanya, garma, lauje, adda, shebur. Waɗannan kun fi ni saninsu, ba zan ja ba. A kankare laka bayan aiki. A wasa da magagari ko dutse. Tsohon baƙin man nan da na ce a adana, a shafa shi kaɗan a ƙarfen da za a ajiye, tsatsa ba za ta kama ba. A rataye, kada ƙota ta kwana a ƙasa gara ta samu. In ƙota ta tsage, a canza, kada a ɗaure da waya, ranar da za ta kufce ƙafa za ta samu. A nemi ta marke ko ta ƙirya. Bakin da ya lanƙwashe ko ya cinye, maƙera na nan, ranar kasuwa a kai musu. Baro kuma, ɗan giris a gindin taya, a ɗaure notinan da suka saki, in kwanon ya fara tsagewa a kai wa mai walda tun tsagun bai yi nisa ba.

Lokaci ya cim mana. Gobe da safe, kafin ka ja igiya, buɗe akwatin matatar iska ka leƙa, ka zaro ma'aunin baƙin mai ka duba. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan famfo mai aiki da hasken rana. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare mana shuka.